Idan saba ta faɗi cikin dare, wa zai fara sani?

Yau maganar saba za mu yi, wato manyan kwamfutocin nan da ke ɗauke da shafuka da manhajoji, ba a kashe su dare da rana.

Idan saba ɗaya gare ka da sauƙi. Ka shiga, ka buɗe log, wato rajistar da take rubuta duk abin da ya faru, ka ga inda matsala take. To idan sun kai 40 fa? Kafin ka gama leƙa ta goma, masu amfani da shafin sun riga sun fara tsine maka. Shi ya sa ake tattaro komai wuri guda.

Abu biyu ake tattarawa. Na farko lambobi: zafin aikin da saba ke yi, ma'ajiya nawa ta rage, saƙo nawa ke shigowa. A nan yawanci Prometheus ake amfani da shi, manhajar da aka fara ginawa a kamfanin SoundCloud a 2012, kuma kyauta ce. Ana girka wani ɗan aike mai suna node_exporter a kowace saba, sai Prometheus ya riƙa zagayawa, misali duk bayan sakan 15, yana karɓar lambobin. Grafana kuma ta zana su a allo. Na biyu log ɗin kansa, wanda irin su Fluent Bit ke kwasowa su kai Loki ko Elasticsearch. Ku dai tabbatar agogon duk sabobin ya daidaita ta NTP, in ba haka ba za ku ga amsa ta riga tambaya isowa.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Kun tuna 4 ga Oktoba, 2021, da yamma a nan Najeriya, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida? Masu sayar da kaya ta WhatsApp ba za su manta ba. Wani umarni ne da aka bayar yayin gyara ya katse hanyar da ta haɗa cibiyoyin bayanan kamfanin. Sabobinsu na DNS, masu nuna adireshi, suka ɓace daga intanet. Abin da ya ƙara dagula lamarin, kamar yadda kamfanin ya bayyana daga baya, shi ne kayan aikin da injiniyoyi za su binciki matsalar da su, da yawansu sun tafi tare da ita. Sai da aka tura mutane da ƙafarsu cikin cibiyoyin.

A ganina wannan shi ne kuskuren da matasanmu masu koyon harkar suka fi yi: su ɗora Prometheus da Grafana a kan sabobin da ake sa wa ido, wai don rage kuɗi. Ranar da wuta ta ɗauke ko intanet ɗin wurin ya yanke, allon ma ya mutu, babu ƙararrawar da za ta buga. Kai kuma kana barci, ka ɗauka shirun lafiya ne.

Ku ware ƙaramar saba a wani kamfanin daban, a wani garin in da hali. Sannan ku saita Alertmanager ya riƙa aika mata saƙon "ina nan" a kai a kai. Da zarar saƙon ya daina zuwa na minti biyar, ita ce za ta turo muku tes a waya.