Haɗa Baƙi: Yadda Za Mu Taimaki Yaranmu Su Rubuta Kalma Daidai



Yaron da ya taso a gidan Hausawa a nan Greensboro ɗawainiya uku ce a kansa. A makarantar boko yana rubuta Turanci daga hagu zuwa dama, a Islamiyya yana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, a gida kuma yana jin Hausa. Shi ya sa iyaye da yawa hankalinsu kan tashi idan yaro ya dawo da takardar shifta cike da gyaran malama. Damuwar tana da dalili, domin tun shekarar 2012 jihar North Carolina take da dokar Read to Achieve, wadda ta ce yaron da ya gama aji uku bai iya karatu yadda ya kamata ba ana iya tura shi darasin hutun bazara, ko ma ya maimaita aji. Karatu da haɗa baƙi kuwa ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Abin farin ciki shi ne, duk wanda ya taɓa riƙe allo ya riga ya san hanyar.

Daga babbaƙu zuwa farfaru

A makarantar allo ta Maraɗi ko Kano, yaro yana farawa da babbaƙu, wato baƙaƙe zalla. Daga nan ya shiga farfaru, ya koyi wasulla. Sannan ya kai hajjatu, ya riƙa haɗa kalma da kansa. Haka ƙaramin yaro yake yi da Turanci. Ɗan shekara biyar yakan rubuta "kt" yana nufin "cat", saboda baƙaƙen ya fara ji. Bayan wani lokaci wasulla su shigo, ya rubuta "sed" a maimakon "said". Wannan kuskuren alama ce cewa kunnensa yana aiki, ya ji sautuka uku kuma ya ba kowanne harafi. Yabo ya kamata a fara yi masa, sannan a nuna masa daidai.

Makarantun gundumar Guilford ma a kan wannan turba suke. A shekarar 2021 jihar ta yi dokar da ta sa a horar da malaman firamare a wani shiri mai suna LETRS, domin su koyar da karatu ta hanyar danganta sauti da harafi, mataki bayan mataki. Ana kuma gwada yara sau uku a shekara, daga ajin share fage zuwa aji uku.

Me ya sa Turanci yake da wuya?

Haruffan Turanci 26 ne, amma sautukansa sun kai kimanin 44. Dole harafi ɗaya ya yi aiki biyu, ko haruffa biyu su haɗu su ba da sauti ɗaya. Duk da haka yawancin kalmomi suna bin ƙa'ida, kuma an fi saurin koyon su dangi-dangi: "cat, hat, mat, sat". Yaron da ya gane dangin zai rubuta "bat" ba tare da ya haddace ta ba.

Larabcin da muke koya a nan ma mataimaki ne. Ɗalibanmu sun san harafin da ake rubutawa ba a furtawa, kamar lam a cikin "ash-shamsu", da alif ɗin da ke bayan wawun jam'i. Haka "e" take a ƙarshen "hope" da "kite": ba a furta ta, amma tana canza wasalin da ke tsakiyar kalmar. Idan aka cire ta, sai su koma "hop" da "kit". Sun kuma saba da shadda, don haka ganin harafi biyu a "hopping" ba zai zame musu baƙon abu ba, ko da yake Bature ba ya nanata shi a baki. Akwai 'yan kalmomi masu taurin kai, irin su "said", "was" da "one". Su kam a nuna wa yaro wurin da suka saɓa ƙa'ida, ya riƙe shi.

Inda mu iyaye za mu yi hattara

Na farko, sunayen haruffa. Wanda ya yi lakwal a Nijar yana kiran "g" da "je", yana kiran "j" da "ji". A Turanci akasin haka ne. Harafin da Bafaranshe yake kira "i", Ba'amurke "ai" yake ce masa, kuma abin da Ba'amurke yake kira "i" shi ne "e". Uba zai iya faɗar harafi daidai a saninsa, yaro ya rubuta wani. Maganin shi ne a rubuta harafin a nuna masa.

Na biyu, sauti ɗaya rubutu daban. Sautin farko na "shayi" Hausa da Turanci "sh" suke rubutawa, Faransanci kuma "ch". Sautin farko na "ciki" kuwa "c" ne a Hausa, "ch" a Turanci, "tch" a Faransanci. A riƙa gaya wa yaro wane harshe ake rubutawa kafin a fara.

Na uku, waɗanda suka yi karatu a Nijeriya sun saba da "colour" da "centre" irin na Ingila. A Amurka "color" da "center" ake rubutawa, bin ƙamus ɗin Noah Webster na 1828. Kada a gyara wa yaro abin da yake daidai.

Na huɗu, Alƙur'anin Warshu da muka taso da shi yana sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A bugun Hafsu, fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. A duba wane bugu yaro yake karantawa kafin a ce ya yi kure.

Minti goma a kullum

A zaɓi kalmomi biyar 'yan dangi ɗaya. A faɗi kalma, yaro ya maimaita, ya ƙirga sautukanta da yatsu, ya rubuta da hannunsa, sannan ya duba ya gyara da kansa. Minti goma kullum ya fi awa guda a daren jarrabawa. A riƙa aro littattafan yara a laburaren birni, katinsa kyauta ne ga mazauna gundumar.

Juya "b" da "d" abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. Idan ya wuce haka, ko yaro ya kasa rarrabe sautuka duk da ƙoƙari, a je a ga malamarsa da wuri. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba yana da haƙƙin neman tafinta daga makaranta.

Kada kuma a bar Hausa a baya. Rubutunta ya fi sauƙi, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. A nuna wa yara lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, su ga bambancin "kafa" da "ƙafa", "doki" da "ɗoki", "bari" da "ɓari". Saƙon gaisuwa mai layi biyu zuwa ga kaka ya isa darasin mako.

Ku kuma ɗalibai, idan kalma ta gagare ku, ku faɗe ta a hankali, ku rubuta abin da kuka ji, sannan ku tambaya. Da tambaya akan zama malami.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.