Me ya sa jar dara take fitowa baƙa a tsofaffin hotuna?

A wasu gidaje na Sabon Garin Wudil za ka tarar da irin hoton nan a bango: kaka zaune cikin babbar riga, da hula baƙa ƙirin a kansa. In ka tambayi tsofaffin gidan, sai su ce maka ai jar dara ce. Ba mantuwa suka yi ba, kayan ɗaukar hoton ne ba sa ganin ja.

Abin da ke kama hoto a jikin fim ko takarda wani sinadari ne, gishirin azurfa, wanda ke sauyawa idan haske ya taɓa shi. To amma ba kowane launi ke motsa shi ba. Shuɗin haske yana kama shi nan take, ja kuwa kamar bai zo ba. Shi ya sa masu wankin hoto suke kunna jar fitila a ɗakin duhu ba tare da takardar ta lalace ba. Duk inda ja yake sai ya fito baƙi, shuɗi kuma ya fito da haske fiye da yadda ido ya gan shi.

A 1873 Bajamushe Hermann Vogel ya gano cewa ƙara rini a cikin sinadarin yana sa ya kama wasu launukan. Farantan da ke ganin har da ja ba su shiga kasuwa sosai ba sai 1906 a Ingila, wato bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Ko bayan nan ma, masu hoton bakin kasuwa da ke ɗauka kai tsaye a kan takarda sun daɗe da wannan makanta. Saboda haka rigar saƙi na iya fitowa fari-fari, jan aikin da ke jikinta ya ɓace cikin duhu. Rawanin ɗan Kura kuwa, wanda aka buga har yana ƙyalli, walƙiyarsa ce ke ruɗa kyamara.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ba su san wannan ba. Duhu da haske kawai suke dubawa su yi hasashe, sai jar dara ta koma baƙa ko ruwan ƙasa, a yaɗa a Facebook a matsayin tarihi. A ganinmu wannan ya fi rashin launin muni.

Kanada ta gamu da irin wannan giɓi a hotunan mutanen Inuwit na yankin ƙanƙara: ga mutane cikin rigunan fata, amma ba suna. Daga 2002 ma'ajiyar tarihin ƙasar ta riƙa kai hotunan wurin dattawansu suna faɗin ko su wane ne.

In akwai irin hoton a gidanku, ku zauna da wanda ya ga rigar da idonsa, ku rubuta suna da launi a bayansa da fensir, domin tawadar biro tana iya ratsa takarda.