Ƙarar Salansa Ba Ita Ce Ƙarfin Inji Ba

Duk mai bin hanyar da ta tashi daga Yelwan Yawuri ta ratsa ƙasar Shanga zuwa Koko da Jega ya san yayin da samari suka shigo da shi. Ranar kasuwa ko ranar rakiyar amarya, tun daga nesa za ka ji rugugi kamar na babbar mota, idan abin ya ƙaraso sai ka tarar ɗan babur ne da aka farke wa salansa. Masu ƙananan motoci ma ba a bar su a baya ba, musamman masu sha'awar wasan mota. Ka tambayi ɗayansu dalili, amsar ba ta wuce cewa injin ya samu iska, yanzu ya fi gudu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma akasarinta ruɗin kunne ne, kuma aljihu da lafiya ne ke biyan kuɗinsa.

Injin mafi yawan motoci da babura irin su Bajaj Boxer da Haojue yana aiki ne a mataki huɗu: ya shaƙi iska da fetur, fistin ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone, sannan bawul ya buɗe hayaƙi ya fita. Hayaƙin nan ba a miƙe yake kwarara ba, dunƙule-dunƙule yake fita da zafi da matsi, sau dubbai a cikin minti guda, kuma bugun kowane dunƙule shi ne ƙarar da kunne ke ji. Idan dunƙulen ya ruga cikin bututu da sauri, yakan bar gurbi a bayansa, gurbin ya zuƙo ragowar hayaƙin da ya maƙale a silinda, har ya taimaka wajen jawo sabuwar iska. To a nan ne bututun hayaƙi ke ba inji ƙarfi, kuma sirrin yana ga saurin hayaƙin.

Manomin albasa da ke ban-ruwa a bakin Kwara ya san wannan a aikace. Ruwan da ke feshi da ƙarfi a siririn tiyo, idan aka zuba shi a ƙaton bututu sai ya riƙa tafiya a kasale. Haka hayaƙi yake. Bututu ya cika ƙanƙanta, sai ya shaƙe injin idan an ba shi wuta sosai. Ya cika faɗi kuma, hayaƙin ya rasa sauri, zuƙowar nan ta ɓace, injin ya rasa ƙarfi idan yana juyawa a hankali. Kamfanin da ya ƙera abin hawa ya auna tsawon bututu da faɗinsa ne daidai da girman injin da aikin da zai yi. Babur ɗin da ke ɗaukar buhun shinkafa ko kwandon busasshen kifi a hanyar rairayi daga ƙauyukan Ngaski zuwa Wara, ƙarfin ja a giya ɗaya da biyu yake buƙata, wanda shi ne abu na farko da farke salansa ke iya ragewa.

Ga yadda ake yi a rumfar mai walda. Zai kwance salansar, ya tsaga cikinta, ya zaro farantan ƙarfe masu huda da ke raba ta ɗaki-ɗaki, ya mayar ya liƙe. Waɗancan ɗakunan aikinsu karkatar da bugun hayaƙi ne yadda sauti zai riƙa karo da sauti yana kashe juna. Da an cire su sai ƙara ta tashi, mai babur ya murɗa totur ya ji kamar ya hau wani sabon abu. Amma kafireto yana nan yadda aka saita shi tun asali, alhali shigar iska da fitarta sun sauya. Sau da yawa sai fetur ya yi wa iskar kaɗan, injin ya riƙa zafi fiye da kima. Alamar ba ta ɓuya. Ka sa bakanike ya kwance fulogi ka duba bakinsa. Na lafiyayyen inji launin ƙasa-ƙasa ne, na wanda ke ƙishirwar mai kuwa fari fat yake kamar toka. Sai kuma tas-tas ɗin da salansa ke yi idan an saki totur, wanda samari ke ɗauka ado ne. A juri zuwa rafi, wata rana bawul ya ƙone, a koma sauke inji. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Tarihin tseren babura ya nuna cewa lallai bututu na iya ƙara ƙarfi, amma da lissafi. Wani injiniya mai suna Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya shafe shekarun 1950 yana auna bututu mai kumburarren ciki don injuna masu mataki biyu, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ya gano yadda za a sa bugun hayaƙi ya dawo baya a daidai lokacin da zai tura man da ya fara tserewa ya koma cikin silinda. Zuwa 1961 babur ɗinsa mai inji 125 yana ba da ƙarfin doki kusan 25, alhali Boxer mai inji 100 da muke hawa yau ba ta wuce takwas ko makamancin haka ba. A shekarar ce direbansa Ernst Degner ya tsere zuwa Yamma, ya koma kamfanin Suzuki na Japan, ya kuma ci gasar duniya ta ƙananan babura a 1962. Shekaru aka yi ana awo da gwaji kafin a kai ga haka.

Gasar motoci ta Formula 1 kuma ta nuna ɗaya ɓangaren. A 2014 aka daina amfani da injuna masu silinda takwas da ke ƙara kamar za su tsaga kunne, aka koma masu silinda shida da turbo da taimakon lantarki. 'Yan kallo suka yi ta ƙorafi cewa motocin sun yi shiru. Bayan 'yan shekaru sai ga sababbin injunan sun zarce tsofaffin a ƙarfi, kuma da mai kaɗan. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne turbo na karɓe ƙarfin da ke cikin hayaƙi ya juya farfelar da ke cusa wa inji iska, maimakon a bar shi ya tashi a banza ya zama hayaniya. Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba.

Ga mai motar da yake son ya gyara ta da gaske, ya kamata ya san cewa bututun kashi-kashi ne. Akwai rassan da ke fitowa daga kan inji, akwai matatar hayaƙi wadda makanikai ke kira indomi, akwai ƙaramar tukunyar tsakiya, sai babbar salansa ta baya. Sauya ta bayan kawai murya yake sauyawa, ƙarfin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Cire tukunyar tsakiya kan jawo wani gunji a cikin mota da ke sa ciwon kai a doguwar tafiya. Mota mai turbo ita ce ta fi amfana da buɗaɗɗen bututu, ita ma sai an sake saita kwamfutar da ke sarrafa injinta. Mai son murya mai kauri ba tare da shaƙe inji ba, akwai salansar da bututunta ke wucewa a miƙe, an huhhuda shi an naɗe da zaren gilashi mai shanye sauti. Manyan kamfanoni irin su Porsche da Ferrari ma suna sa wani bawul a salansa, ya rufe a cikin gari, ya buɗe a filin tsere.

Ita kuwa indomi, a bar ta inda take. Tun 1975 aka fara sa ta a yawancin motocin Amurka, kuma a cikinta akwai ma'adanai masu tsada irin su filatinam da ke mayar da gubar hayaƙi ta zama mai sauƙi. Tsadar nan ce ta sa ake farautarta, har a ruɗi mai mota cewa cire ta zai ƙara masa gudu. Sai dai idan ta toshe a sauya ta, amma lafiyayya ba ta tauye wani ƙarfin kirki. Abin da ke biyo bayan cire ta shi ne warin hayaƙi, da fitilar gargaɗi da ta ƙi mutuwa, da faɗuwar darajar motar ranar sayarwa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk gyaran da zai sa mutum yawan taka totur don jin ƙara, asara ce a fili.

Sai maganar lafiya. Masana sun ƙayyade cewa ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 ba a so a zauna cikinta fiye da awa takwas, kuma duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu. Babur mai farkakkiyar salansa na iya zarce wannan nesa ba kusa ba, kuma kunnen da ya fi kusa da shi na mai shi ne, wanda ke wuni a kansa. Jijiyar ji idan ta mutu ba ta dawowa. Salansar da ke yoyo a ƙarƙashin mota kuma tana iya shigar da wata iska mai guba marar launi marar wari, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Hukumar NESREA na da dokar taƙaita hayaniya tun 2009, amma kafin doka akwai haƙƙin maƙwabci, da marar lafiya, da masu salla, da dabbobin da ke firgita a bakin hanya.

Matuƙan jiragen tafkin Kainji sun isa misali. Injin Yamaha da ke ɗaure a bayan kwale-kwale ta tsakiyar farfela yake fitar da hayaƙinsa a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya haɗiye yawancin ƙarar, amma yana tura jirgi cike da mutane da kaya daga Yawuri zuwa gungu-gungu. Matuƙi ba ya auna injinsa da ƙara, da nauyin da ya ja da man da ya sha yake auna shi.

Saboda haka wanda ke son abin hawansa ya ƙara kuzari ya fara da abin da ya tabbata: wanke matatar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke yawa, sauya fulogi da baƙin mai a kan kari, daidaita bawul, duba sarƙa da iskar taya. Idan kuma lallai sai an sauya salansa, a sayi wadda aka ƙera don girman injin, a ajiye ta asali, a sake saita mai, sannan a gwada a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya kafin gyara da bayansa. Agogo da tankin mai za su faɗa maka gaskiyar da kunne ya ɓoye.