Yadda Ake Auna Ra'ayin Jama'a

Idan zaɓe ya kusa, mukan ji wani ya ce, "Ai jama'a duk wane suke so." Wani kuma ya ce, "Ina! Jama'a sun juya masa baya." To, wa ya tambayi jama'ar? Mutum nawa aka tambaya, a ina kuma? Abin da za mu duba ke nan a wannan karatu. Amma kafin mu kai ga awo, sai mu fara sanin abin da za a auna, watau ra'ayin kansa.

Inda ra'ayi yake fitowa

Ba wanda aka haifa da jam'iyya. Yaro yakan tashi yana jin abin da ubansa ke faɗi a zaure. Yana ganin wanda ake yabo a gidansu, da wanda ake yi wa tsaki in an ambace shi. Tun bai san mene ne haraji ba, ya rigaya ya san ɓangaren da gidansu yake. Shi ya sa galibin mutane jam'iyyar iyayensu suke fara bi, ko da yake wasu sukan bar ta daga baya.

Daga gida sai waje. Akwai hirar ƙofar gida da dare, akwai kasuwa, akwai teburin mai shayi, mata kuma suna da gidan biki da bakin rijiya. Sana'a ma tana da nata rabo. Manomi yana duban kuɗin taki, direba yana duban hanya da kuɗin mai, makiyayi yana duban burtali da mashaya. Kowa inda ke yi masa ƙaiƙayi nan yake sosawa.

Wasu za su ce ai rediyo da jarida su ne ke juya mutane. An taɓa gwada wannan magana a Amurka. A shekarar 1940 wani malamin jami'a mai suna Paul Lazarsfeld, shi da abokan aikinsa, suka tafi wani yanki da ake kira Erie a jihar Ohayo. Suka zaɓi mutum 600. Kowane wata sai su koma wurinsu su tambaye su wanda za su zaɓa, tun daga watan Mayu har zuwa Nuwamba da aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Abin da suka tarar ya ba su mamaki. Duk da yawan jawabai a rediyo da rubuce-rubuce a jarida, waɗanda suka bar wannan ɓangare suka koma wancan ba su kai 1 cikin 10 ba. Yawanci mutum yakan saurari abin da ya yi daidai da ra'ayinsa ne, ya ƙara ƙarfi a kai. Waɗanda suka sake ra'ayi kuwa, da yawansu sun ce wani mutum ne ya yi musu magana, ɗan'uwa ko aboki ko abokin aiki.

Sai malaman suka lura cewa a kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya ko biyu waɗanda suka fi saura bin labarai. Su ke ji, su tauna, sa'an nan su ba saura. Ku duba ƙauyenku, za ku gane su. Watakila tela ne wanda rediyonsa ba ya mutuwa. Watakila direba ne mai zuwa birni kowace kasuwa. A wajen mata watakila dillaliya ce, wadda ke shiga gida goma a yini, kowane gida ta sauke kaya ta sauke labari. Ba lalle ba ne irin wannan mutum ya zama mai kuɗi ko mai sarauta. Abin da yake da shi kawai, an san shi, an kuma yarda da shi. A ganinmu har yanzu haka abin yake, ko da yake labari ya koma shigowa ta wayar hannu. Mutum yakan fara duba wanda ya aiko masa kafin ya gaskata.

Ku lura da abin da wannan ke haifarwa. Tun da yake kowa yana zama da irinsa ne, kowa sai ya ɗauka duniya duk ra'ayinsa take bi. Wanda ya ce "jama'a duk wane suke so," ba ƙarya ya yi niyya ba. Mutum goma na dandalinsu ya ji, ya kira su jama'a.

Awon buhu

Ba shi yiwuwa a bi mutanen ƙasa ɗaya ɗaya a tambaye su kowane wata. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 200. Sabo da haka sai a yi dabarar mai sayen hatsi. In za ka sayi buhun dawa, ba ka zazzage shi ka duba kowace ƙwaya. Hannu ɗaya kake ɗiba. Amma in kana da wayo ba ka ɗiba daga bakin buhu kaɗai, gama mai sayarwa ya san inda ya zuba mai kyau. Sai ka cusa hannu tsakiya, ka ɗebo daga ƙasa kuma. In ka cika tiya goma daga sama, ba ka san buhun ba. In ka ɗebi kaɗan daga ko'ina, ka san shi.

Ga labarin waɗanda suka ɗiba daga sama. A Amurka an yi wata mujalla mai suna Literary Digest. Kafin kowane zaɓen shugaban ƙasa takan aika wa mutane takardun tambaya ta gidan waya. Ta faɗi wanda zai ci daidai a 1920, da 1924, da 1928, da 1932, har mutane suka sakankance da ita. A 1936 ta aika takardu kamar miliyan 10, aka mayar mata da fiye da miliyan 2. Ta ƙirga, ta ce Alf Landon zai kada shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin 100.

Aka yi zaɓe. Roosevelt ya sami wajen kashi 61 cikin 100. Cikin jihohi 48 da ƙasar ke da su a lokacin, ya cinye 46, aka bar Landon da 2.

Me ya faru? Abu biyu. Na fari, mujallar ta kwashi sunaye daga littafin masu tarho, da rajistar masu mota, da masu sayen mujallar. A shekarun nan kuwa Amurka tana cikin matsanancin talauci, mutane da yawa ba su da aikin yi, balle mota. Talakawan da aka tsallake su ne suka fi son Roosevelt. Na biyu, cikin kowane mutum huɗu da aka aika wa takarda, kamar ɗaya ne ya amsa. Waɗanda ke fushi da shugaban sun fi saurin ɗaukar alƙalami. Waɗanda suka gamsu da shi suka ajiye takardar suka ci gaba da sha'aninsu. Masu binciken da suka sake duba al'amarin daga baya sun nuna wannan na biyu ya yi ɓarna ƙwarai. Mujallar ba ta sake miƙewa ba, a 1938 ta rufe.

A wannan zaɓe kuma wani mutum mai suna George Gallup ya tambayi mutum wajen 50,000 kurum. Amma ya yi ƙoƙari ya haɗa da mai kuɗi da talaka, birni da ƙauye. Ya ce Roosevelt zai ci, haka kuwa aka yi.

Kada ku ce daga nan aka huta. A 1948 Gallup da sauran masu wannan aiki suka ce Thomas Dewey zai kada shugaba Harry Truman. Wata jaridar birnin Shikago har ta buga a shafin farko cewa Dewey ya ci, tun ba a gama ƙirga ƙuri'u ba. Gari ya waye Truman ne ya ci, aka ɗauke shi hoto yana ɗaga jaridar yana dariya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuskuren a nan shi ne, an daina tambaya tun saura makonni a yi zaɓe, alhali wasu ba su yanke shawara ba tukuna. Kuma akan ce wa mai tambaya ya nemo maza kaza, mata kaza, amma a bar shi ya zaɓi wanda ya ga dama. Shi kuwa ɗan Adam ne, sai ya nufi gidan da ya fi sauƙin shiga.

Yadda ake yi yanzu

Maganin wannan shi ne a cire son zuciyar mai tambaya daga cikin aikin. Ku ɗauka an rubuta sunan kowace unguwa da kowane ƙauye a 'yar takarda, aka zuba a ƙwarya, aka girgiza, aka sa yaro ya ɗauko ido rufe. Yanzu kwamfuta ke yin wannan, amma ma'anar ɗaya ce: kowa yana iya faɗowa a ciki.

Akwai wata ƙungiya mai suna Afrobarometer, wadda aka kafa a 1999, babban ofishinta yana Akara ta ƙasar Gana. Tana tambayar mutane a ƙasashen Afirka fiye da 30, har da Nijeriya da Nijar. A kowace ƙasa takan tambayi mutum 1,200 zuwa 2,400, masu shekara 18 ko fiye, baki da baki, da harshen da mutum ya zaɓa. In ma'aikacinta ya iso ƙauye ba shi da ikon zaɓen gida. Akwai ƙa'idar ƙirga gidaje da zai bi. In ya shiga gidan, ba lalle maigida zai tambaya ba. Kuma in ya tambayi namiji a wannan gida, a na gaba mace za a tambaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba, sai a 1976 aka fara ba su dama. Yau wanda ya tsaya a zaure ya ji ta bakin maza kaɗai, ya bar rabin buhu bai taɓa ba.

Ko an bi ƙa'ida duka, awon ba ya fita cif. In an tambayi mutum 1,200, amsar tana iya saɓa wa ta ƙasa duka da kamar kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. Sabo da haka in kun ji an ce wane yana da 51, wane 49, to, ba a san na gaba ba ke nan. Sai ku tambaya kuma: ta waya aka yi, ko ƙafa da ƙafa? In ta waya ce, ina waɗanda ba su da ita, da waɗanda ƙauyensu ba ya kama layi?

Yadda aka tsara tambaya ma yana juya amsa. In aka ce maka, "Kana so a gyara hanyar kasuwa?" za ka ce i. In aka ce, "Kana so a ƙara haraji don a gyara hanyar kasuwa?" sai ka tsaya ka yi tunani. Hanya ɗaya ce, mutum ɗaya ne, amsa biyu.

Sai kuma tsoro. Baƙo ya zo da takarda ko na'ura a hannu, yana tambayarka ko kana jin daɗin mulki. Kai kuwa ba ka san inda maganar za ta kwana ba, sai ka ce lafiya lau. Masu aikin sun san da wannan. Shi ya sa sukan fara da faɗa maka cewa ba za a haɗa sunanka da amsarka ba, kuma kana da ikon ƙin amsa kowace tambaya. Ma'aikatan Afrobarometer, in sun gama, sukan yi wata tambaya ta ƙarshe: wa kake tsammani ya aiko mu? Mutane da yawa sukan ce gwamnati ce, ko da yake tun da fari an gaya musu ba ita ba ce. Wannan amsa ma akan rubuta ta, don mai duba sakamakon ya gwada amsoshin masu wannan zato da na sauran, ya ga ko sun bambanta.