Kafin ka biya kuɗin Corolla 'yar Amurka, saka lambar nan a wayarka

Duk matashin da ya fara tara kuɗin mota, shawarar da zai fara ji ita ce ya sayi Corolla. Kanikawa sun san cikinta, kayan gyaranta suna nan birjik daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, ba ta shan mai sosai, kuma ranar da ka gaji da ita ba za ta kwana biyu a hannun dillali ba. Ba a banza ta yi wannan suna ba. Tun fitowarta a 1966 kamfanin Toyota ya sayar da Corolla sama da miliyan 50, adadin da ya cika a shekarar 2021.

Sai dai wannan suna mai kyau yana sa mutane sakin jiki. Yawancin Corolla da ke yawo a titunanmu 'yan Kwatano ne ko waɗanda aka sauke a Legas, kuma da dama daga cikinsu an ƙera su ne domin kasuwar Amurka da Kanada. A can, idan aka gano mota ta fito daga masana'anta da lahanin da zai iya jawo haɗari, doka tana tilasta wa kamfani ya kira masu ita su kawo ta a gyara kyauta. Mu kira shi kiranye, kamar yadda ake yi wa ɗan majalisa. Kamfani yana aika wasiƙa zuwa adireshin wanda sunansa ke kan rajistar motar. To motar da aka yi gwanjonta a Texas, ta hau jirgin ruwa, yau tana ɗaukar yara makaranta a Zariya, wa za a aika wa wasiƙarta? Wasiƙar tana can, lahanin yana nan.

Lahanin da ba ya ƙara, ba ya kunna wuta

Mafi girman kiranye a tarihin motoci shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, kuma ya shafi Corolla ƙirar 2003 zuwa 2013 ta kasuwar Amurka, wato daidai zangon da ya fi yawa a hannun mutanenmu.

Ga yadda abin yake. Jakar iskar da ke fashewa ta tare ka lokacin haɗari tana da wani ɗan gwangwani na ƙarfe a bayanta. A cikinsa akwai sinadarin da ke ƙonewa cikin ƙiftawar ido ya samar da iskar da za ta cika jakar. Takata ya zaɓi amoniyam naitiret, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, wanda kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a 2020. Yana da araha, amma ba ya shiri da laima da kuma zafin da ke hawa yana sauka kullum. Shekara da shekaru, dunƙulen sinadarin yana samun ƙananan ramuka. Ranar da aka yi karo, maimakon ya ƙone a hankali yadda aka tsara, sai ya kama gaba ɗaya, gwangwanin ya fashe, gutsattsarin ƙarfe su fito ta cikin jakar zuwa fuska da wuyan wanda ke zaune. Karon da ya kamata a fito a duba bamba a wuce, sai ya zama na asibiti ko na maƙabarta.

A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 na kamfanonin motoci daban-daban. Hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 zuwa shekarar 2024, ban da sama da 400 da aka ba da rahoton sun jikkata. A yi adalci, mafi yawan mace-macen a motocin Honda suka faru. Amma sinadarin ɗaya ne, kuma shi Takata ya durƙushe tun 2017 saboda wannan badaƙala.

Wani zai ce ai arewa busasshiya ce. Gaskiya ne iskarmu ba ta kai ta bakin teku laima ba. Amma NHTSA ta ƙiyasta cewa a wurare masu zafi da laima, irin su Florida, shekara 6 zuwa 9 sun isa sinadarin ya lalace, a wurare masu sanyi kuwa yana iya kaiwa 15 zuwa 20. Motar 2005 ta riga ta wuce ko wane ma'auni aka ɗauka. Ba ka san jihar da ta yi rayuwarta ta farko ba, ba ka san watannin da ta yi a bakin ruwa a Kwatano ba, sannan ga ranar watan Afrilu tana dukan dashbod, ga damina a bayanta.

A Corolla, jakar da abin ya shafa ita ce ta gefen fasinja na gaba. Wannan ya kamata ya tsaya wa kowa a rai, domin kujerar nan ita ce ta uwargida, ita ce ta mahaifiya, kuma a motar haya mutum biyu ake cusawa a cikinta. A 2014, lokacin da kayan gyara suka yi ƙaranci, Toyota ya umarci dillalansa a Amurka su kashe jakar su manna takardar gargaɗi cewa kada a zauna a wurin. A watan Janairun 2024 kuma ya fito ya ce wa masu motoci kusan 50,000 da ba a gyara ba su daina tuƙa su kwata-kwata: Corolla da Matrix ƙirar 2003 da 2004, da RAV4 ƙirar 2004 da 2005. Kamfanin da ke sayar da mota ba ya faɗin haka da wasa.

Babu wutar da za ta kama a dashbod ta gaya maka. Na'urar gwaji ba ta ganinsa. Bakaniken da ya fi kowa iya aiki ba zai ji shi da kunne ba.

Sauran kiranyen da suka taɓa ta

A watan Agustan 2010 an kira Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda kwamfutar injin, wadda kanikawa ke kira biren-bos. Allon da ke cikinta yana iya tsagewa, mota ta ƙi tashi, ko giya ta riƙa fizga, ko injin ya mutu ana cikin tafiya. Mutum zai iya canja fulogi, ya canja famfon mai, ya wanke nozul, kuɗi su ƙare, alhali ciwon yana cikin akwatin da kamfani ya riga ya amsa laifinsa.

Ƙirar 2009 da 2010 ita ce ta fi shan kira. Tana cikin rikicin totur na farkon 2010, inda aka samu totur mai maƙalewa da kuma tabarmar ƙasa mai danne shi, rikicin da ya sa Toyota ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 a 2014. Tana cikin kiranyen makunnin gilashin ƙofar direba, wanda kan yi zafi har ya narke. Tana kuma cikin na 2014 kan naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari, wadda idan ta lalace jakar iskar direba ba za ta buɗe ba. Waɗanda ke ganin sabuwa ta tsira, a Janairun 2020 an kira ƙirar 2011 zuwa 2019 saboda kwamfutar jakar iska da ke iya ɗaukewa a wasu nau'ikan karo, jakar ta ƙi fita lokacin da ake buƙatarta.

Minti biyu da waya

Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, mu kuma mun fi saninta da lambar shasi. Leƙa ƙasan gilashin gaba ta gefen direba za ka gan ta, haka kuma tana jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Ɗauki hoton duka biyun ka gwada su da wadda ke cikin takardun kwastan. Idan ba su zo ɗaya ba, cinikin ya ƙare tun daga nan.

Lambar kanta tana magana. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, don haka abin da ya yi maka kama da O sifili ne. A motocin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har gaba. Dillalin da ya canja fitilu da bamba ya ce maka 2012 ce, ga inda za ka kama shi. Farkon lambar kuma yana nuna inda aka haɗa ta: 2T1 Kanada, JTD Japan, 1NX kuwa masana'antar Fremont ce a California, wadda aka rufe a 2010, yau kuma Tesla ke ƙera motocinsa a cikinta.

Sai ka buɗe nhtsa.gov/recalls ko toyota.com/recall ka rubuta lambar. Kyauta ne, ba ya cin data sosai. Akwai kuma manhajar SaferCar ta ita hukumar, wadda ke adana lambar ta sanar da kai idan sabon kiranye ya fito.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Shafin yana nuna kiranyen da ba a gyara ba ne kawai. Idan ya nuna sifili, yana iya zama an gyara kafin a fito da motar, wanda shi ake fata. Amma shafin NHTSA bai cika komawa baya fiye da shekara 15 ba, don haka tsohon kiranye irin na biren-bos zai iya ɓacewa daga jerin ko da ba a taɓa gyara shi ba. Shi ya sa ya fi kyau a duba shafukan biyu. Motar da aka ƙera wa Turai ko Dubai ko Afirka ta Kudu kuwa ba ta cikin wannan rumbu, sifilinta ba ya nufin komai.

Idan ya nuna jakar iska ba a gyara ba fa? Dokar gyara kyauta ta ƙasar da aka fara sayar da motar ce, ba ta biyo ta cikin jirgi. Duk da haka, ɗauki hoton sakamakon da lambar kiranyen ka kai wa dillalin Toyota mai lasisi ka nemi a shigo maka da sabon gwangwanin da aka yi domin wannan gyara. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne sayen jakar iska ta hannu a kasuwar kayan gyara. An ciro ta ne daga wata Corolla mai shekaru irin na taka, da sinadari iri ɗaya. Kafin a samu gyara, a bar kujerar gaba babu kowa, duk da na san faɗin hakan ya fi yin sa sauƙi a gidan da mota ɗaya ce.

Ƙorafin masu ita

Akwai kuma matsalolin da ba su kai ga kiranye ba, amma masu motar sun daɗe suna kuka da su. Waɗannan da sauƙi, domin suna sanar da kansu.

Ƙirar 1998 zuwa 2002 ta yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fistin, kuma haka ƙirar 2009 mai babban injin 2.4. Mai irin wannan ya saba da zaro sandar gwaji duk mako. A ƙirar 2009 da 2010 mai injin 1.8 an fi kuka da famfon ruwa da ke yoyo da wuri, da wata ƙara ta daƙiƙa ɗaya ko biyu idan an tayar da injin da sanyin safe, sai kuma sitiyarin lantarki da ke sa mota ta riƙa yawo a kan babbar hanya. NHTSA ta binciki maganar sitiyarin a 2010, ta rufe binciken ba tare da kiranye ba. Masu farar mota kuma sun sha ganin fenti yana ɓarewa falle-falle daga rufi.

Daga ƙirar 2014 ta Amurka, yawancin Corolla sun koma giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe maimakon haƙora. Tana da nata man na daban. Gareji ya zuba mata man giyar tsohuwar Corolla, ba da daɗewa ba za ta fara kuka, kuma laifin ba na kamfani ba ne. Haka ma cire tamosta da haɗa fanka kai-tsaye, al'adar da ta zama kamar wajibi a garejinmu: injin ba ya kai zafin da kwamfuta ke jira, sai ta ci gaba da ba shi mai fiye da ƙima.

Wutar injin da ke kamawa a dashbod ita ce wadda waya ta fi taimakawa a kanta. Duk motar kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket na OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Ɗan abin nan ELM327 mai Bluetooth, da manhaja irin Torque ko Car Scanner, za su karanta maka lambar matsalar. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma a ƙirar 2003 zuwa 2008 sau da yawa gaskit ɗin bututun shigar iska ne ke yoyo ko ƙura ta rufe na'urar auna iska, abin da ba baƙo ba ne bayan hunturu. P0441 da P0442 na tururin fetur ne, wani lokaci murfin tanki ne kawai bai rufu da kyau ba. Ka lura, masu arahar nan lambobin injin suke karantawa, galibinsu ba sa shiga kwamfutar jakar iska.

Don haka ita wutar jakar iska da ido za ka gwada ta. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba. Ya kamata ta kama, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu da kanta. Idan ta zauna a kunne, akwai matsala. Idan ba ta kama ba sam, wannan ya fi muni, domin motoci da yawa da ake saye a gwanjon haɗari sun riga sun fasa jakunkunansu, aka rufe wurin da sabon murfi babu komai a ciki, aka cire ƙwan ko aka toshe shi da baƙin tef. Shafukan tarihin mota irin su Carfax suna karɓar kuɗi, amma sau da yawa rubuta lambar shasin a Google kaɗai yana fito da hotunan motar a filin gwanjo, da yadda gabanta yake kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta.