Agogon da ke fara bugawa a aji uku: ƙwallon kwando, takardun makaranta da nauyin 'yan uwa na ƙetare

An san Danja da tumatir da rake da mazarƙwaila, kuma matashin garin in ya taso daga gona ko makaranta filin tamaula yake nufa. Sai dai hanyar da motocin tumatir ke bi ta Hunkuyi tana ɓullewa Zariya, garin da ya daɗe cikin manyan cibiyoyin ƙwallon kwando a Najeriya. A filayen Jami'ar Ahmadu Bello ne Ba'amurken mai horarwa Oliver Johnson ya shafe shekaru yana rainon yara, kuma cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ke nan dogon yaro ɗan Danja ko Bakori ko Kafur da ke karatu a Zariya ko Funtuwa bai yi nisa da idon masu farautar 'yan wasa ba. Ranar da maganar tafiya ta taso kuwa, kawu ko yaya da ke Amurka ake fara bugo wa waya, a ce ya duba makarantar, ya karɓi yaron, ya zama uba a can. Hausawan ƙetare na ɗaukar wannan amana da zuciya ɗaya, amma da yawa ba su san cewa takardun makaranta ke yanke hukunci a wannan harka ba, kuma lissafinsu yana farawa tun yaron yana gida, kafin kowa ya lura da tsawonsa.

Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin manyan jami'o'in Amurka, kuma tana da ofishin tantancewa da ke duba karatun kowane ɗan wasa kafin ya taka fili. Mai son buga wasa a rukuni na ɗaya dole ya kammala ginshiƙan darussa 16 a sakandare: Turanci na shekara huɗu, lissafi na shekara uku, kimiyya ta shekara biyu, ilimin zamantakewa na shekara biyu, sauran kuma a cike su daga darussan da hukumar ta amince da su. Matsakaicin makinsa a waɗannan darussa kada ya gaza 2.3 bisa ma'aunin 4, a rukuni na biyu kuma 2.2. Wanda ya tsaya tsakanin 2.0 da 2.3 a rukuni na ɗaya zai iya samun tallafin karatu ya yi atisaye, amma ba zai buga gasa ba a shekararsa ta farko. Abin da ya fi duk waɗannan alƙaluma nauyi shi ne wa'adi. Ana ba ɗalibi shekara huɗu daga ranar da ya shiga aji na tara, kuma aji na tara a tsarin Najeriya shi ne aji uku na ƙaramar sakandare. Manomin rani ya san ranar da ya zuba iri a reno ita ke tsara ranar dashe da ranar tsinka, haka wannan lissafi yake. Sakamakon zangon da yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya kawo gida, aka jefa a akwati ko aka bar wa gara, yana cikin abin da ofishin tantancewar NCAA a Indianapolis zai nema bayan shekara biyar, tare da shaidar WAEC ko NECO.

Daga nan ne ruɗin makarantun share fage ke farawa. Waɗannan makarantu ne masu zaman kansu, da yawansu na kwana, da ke haɗa karatu da horon wasa, kuma kusan su ne ƙofar yaron da ya fito daga waje, domin bizar ɗalibi ta F-1 ba ta yarda a wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba. Dillalai kan ce wa iyaye a mayar da yaron baya da aji ɗaya ko biyu in ya isa Amurka, ya ƙara ƙwari, ya gyara makinsa. Makarantar za ta iya sa shi a ajin da ta ga dama, amma NCAA ba ta tsayar da agogonta saboda haka. Wanda ya kammala sakandare a kan lokaci darasi ɗaya kacal aka yarda ya ƙara bayan kammalawa. Shekarar share fage tana da amfani ga yaron da takardunsa suka riga suka cika, yana neman ƙarfin jiki da idon masu horarwa. Ga wanda ya fito da giɓin darussa huɗu ko biyar, ba ta da maganin da za ta ba shi, ko nawa aka biya.

Za a ce ai an ga waɗanda suka bi wannan hanya suka dace. Gaskiya ne. Precious Achiuwa, ɗan Fatakwal, ya bi ta St. Benedict's a Newark da Montverde a Florida, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Memphis, aka ɗauke shi NBA a 2020. Amma waɗannan makarantu ne masu dogon tarihi da malamai da azuzuwa na gaske, kuma sunan share fage bai bambanta su da wani gida da aka tara yara goma sha biyu da katifu a ƙasa ba. Ko ɗan wasan da ake rububinsa bai tsira ba. Cheick Diallo, ɗan Mali, yana cikin fitattun 'yan sakandaren Amurka a 2015, amma sai farkon Disambar shekarar ya fara buga wa Jami'ar Kansas wasa, bayan NCAA ta daɗe tana bincike kan karatunsa da makarantar da ya fito a jihar New York. Yana da babbar jami'a da lauyoyi a bayansa. Yaron da ba shi da kowa fa? A Charlotte ta North Carolina, mai makarantar Evelyn Mack Academy ta amsa laifi a kotun tarayya, aka ɗaure ta wata 18 a 2019, saboda ta riƙa fitar da takardar I-20 ta neman biza ga ɗalibai 'yan ƙasashen waje, da yawansu 'yan wasa daga Afirka, alhali ba a makarantarta za su yi karatu ba. Yaron da ya shiga irin wannan tarko yana rasa cancantar wasa, yana rasa izinin zama, kuma kunyar komawa gida hannu rabbana kan hana shi faɗa wa iyayensa gaskiya.

Matsalar tana da fuska ta biyu, wadda ta fi shafar Hausawan da suka haifi 'ya'yansu a can, ko 'yan Najeriya da ke Houston da Maryland, ko 'yan Nijar, ko mutanen zangon Gana da ke Bronx. Al'ada ce mai kyakkyawar manufa a tura yaro gida ya yi shekara ɗaya ko biyu wajen kakanni, ya iya Hausa, ya sauke Alƙur'ani, ya san danginsa. Ba na ganin aibinta, kuma iyayen da suka ga abin da titi ke yi wa samari a manyan biranen Amurka suna da hujjar yin haka. Lokacin turawar ne abin dubawa. In aka kawo yaro Danja yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya koma kafin aji na tara, bai yi asarar komai ba. In aka kawo shi bayan ya shiga aji na tara, shekarun da ya yi a makarantar allo ko ta haddar da ba ta koyar da darussan boko suna cin wa'adinsa. NCAA tana lissafa harshen waje, kuma Larabci na iya shiga in makarantar da aka amince da ita ce ta koyar, amma ba ta lissafa karatun aƙida ko na ibada. Ga masu karatu a makarantun Amurka akwai ƙarin sharaɗi, cewa darussa 10 cikin 16 su kammalu kafin shiga shekarar ƙarshe, bakwai daga cikinsu a Turanci da lissafi da kimiyya. Mafita tana nan kusa, wato a sa yaron a makarantar da ke haɗa hadda da manhajar gwamnati, irin waɗanda suka yawaita a Zariya da Funtuwa da Katsina, a kuma adana sakamakon kowane zango da hatimin makaranta.

Wasu kan ce abin ya yi sauƙi yanzu, tunda NCAA ta daina neman jarabawar SAT da ACT a 2023. Ni a ganina akasin haka ne ga yaronmu. A da, haziƙin da makarantarsa ba ta da tsarin ajiye takardu yana da wata jarabawa da zai nuna kansa, yanzu kuwa nauyin duka ya koma kan sakamakon aji. Wannan yanki kuma ya san katsewar karatu: bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 an rufe makarantu a jihar Katsina, ga kuma rufewar annobar korona a shekarar. Hukumar tana sauraron uzuri, amma da shaida a rubuce. Haka ma ranar haihuwa. In ta WAEC daban, ta fasfo daban, ta katin ɗan ƙasa daban, ko dai don sakaci ko don wani ya ba da shawarar a rage shekaru, wannan saɓani kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Saboda haka aikin kawun da ke ƙetare ya wuce ba da ɗaki da tuwo. Kowace sakandare da NCAA ta tantance a Amurka tana da jerin darussan da hukumar ta amince da su, a buɗe a shafin hukumar, dubawa kyauta ce, kuma makarantar da ba ta cikin jerin ko ake bincikenta a nan za a gani. Ya je da ƙafarsa ya ga aji da malami, ya tambayi wa zai zama waliyyin yaron a hukumance, ya tabbatar fasfo da I-20 suna hannun yaron. Ƙungiyoyi irin su Zumunta, da masallatan da mutanenmu ke taruwa, suna da malamai da lauyoyi da za su iya duba takarda kafin a sayar da gona a biya dillali. In binciken ya nuna giɓi, da muguwar rawa gara ƙin tashi: yaron ya ƙarasa aji shida a gida, ya fito da WAEC mai kyau, ya nemi kwalejin shekara biyu, wadda shaidar gama sakandare take nema, daga can ya tsallaka babbar jami'a in ya kammala da makin da ake buƙata. Akwai kuma makarantar NBA da ke Saly a Senegal, inda Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya fito ya shiga Jami'ar Duke a 2024 ba tare da ya bi ta sakandaren Amurka ba. Da yake dokokin biza sun ƙara tsauri a kan 'yan Najeriya da Nijar tun 2025, waɗannan hanyoyi biyu sun cancanci a fara auna su kafin a saurari dillalin da ya zo da alkawarin tikitin jirgi.