Firiza ba asibitin had-dis ba ce

Tun makon jiya wani saƙo yake yawo a WhatsApp. Na gan shi a guruf ɗin danginmu, na sake cin karo da shi a na tsofaffin 'yan ajinmu, an ƙawata shi da jajayen alamomi, a ƙasa an rubuta wai a tura wa mutum goma don a samu lada. Dabaru biyar ya jero na ceto fayiloli idan laftop ta ƙi tashi. Na yi niyyar share shi in wuce, sai ga 'yar ƙanwata ta yi sallama bayan isha'i, riƙe da leda tana ɗigar ruwa. A ciki had-dis ɗin laftop ɗinta ne, rumbun da furojet ɗinta na shekarar ƙarshe yake ciki, babi huɗu cif. A firiza ya kwana, tsakanin ƙullin nama da robar zoɓo. Ta ce, "Kawu, an ce da an fito da shi a jona nan take. Na jona, ya yi wata irin ƙara, yanzu ko motsi ba ya yi."

Ban ga laifinta ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haushina yana kan wanda ya tura, wanda na tabbata bai taɓa riƙe sukundireba ya kwance laftop ba, amma ya iya rubuta "an gwada, yana aiki" da manyan baƙaƙe.

Uku daga cikin dabarun ba su cancanci dogon bayani ba. Binne had-dis a buhun shinkafa ba ya gyara komai, tunda ba jiƙewa ya yi ba. Bubbuga shi a kan tebur kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi hanya ce ta ƙarasa shi. Cewa kuma duk laftop ɗin da ta ƙi tashi bairas ce ta kama ta, wannan zancen teburin mai shayi ne; sau da yawa caja ce, ko RAM ya goce daga mazauninsa, ko Windows ce ta rikice alhali rumbun lafiyarsa ƙalau. Dabara ta huɗu gaskiya ce, zan dawo kanta. Ta firiza ce ke cin dukiyar mutane, domin ita ce mai kama da ilimi.

A cikin had-dis irin na da akwai faifai mai sheƙi kamar madubi, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftop, wasu 7,200. A samansa wata 'yar allura ce take shawagi tana karantawa tana rubutawa, kuma ba ta taɓa faifan. Iskar da juyawar ke tayarwa ita ke ɗauke da ita. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai yana kaiwa nanomita 50,000 zuwa 100,000. A irin wannan tazara, ɗigon raɓa da ido ba ya gani tamkar dutse ne a gaban allurar.

To raɓar daga ina? Duba bayan had-dis ɗin, a kan da yawansu za ka ga wani ɗan rami da gargaɗin kada a toshe shi. Ta nan yake shaƙar iska ta cikin matata. Wato akwai iska a cikinsa, iskar kuma tana ɗauke da laima. Kowa ya san yadda kwalbar lemo mai sanyi take tsatsafo da gumi da zarar an ajiye ta a kan tabarma, balle a watan Agusta da damina ta zauna. Abin da ke faruwa da faifan ke nan, da kuma allon lantarkin da ke manne a ƙasansa. Mai saƙon ya ce a naɗe a leda biyu. Leda tana tare ruwan waje, ba ta fitar da laimar da ta riga ta shiga, kuma dole ka kwance ta kafin ka jona. Masu ƙera waɗannan rumbuna sun rubuta cewa suna aiki ne daga maki 0 ko 5 zuwa 55 ko 60 a ma'aunin Salshiyos. Firiza kuwa tana sauka maki 18 ƙasa da sifili.

Sai dai a faɗi gaskiya, zancen yana da tushe, shi ya sa ya ƙi mutuwa. A shekarun 1980 da 1990, allurar had-dis a kan faifan take kwanciya idan an kashe kwamfuta, wani lokaci ta manne masa har injin ya kasa juya shi. Sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke, a wasu lokuta mannewar ta saki, a samu 'yan mintoci a kwashi abin da aka kwasa. Tsohon injiniyan da ya ce maka ya taɓa yi ya dace, ba lallai ƙarya yake ba. Amma rumbun laftop na wannan zamani yana janye allurarsa gefe, ya ajiye ta a kan wata 'yar matakala ta roba, injinsa kuma a kan mai yake juyawa, man da sanyi ke sa shi kauri. Cutar da maganin yake yi wa aiki ta yi ƙaranci, illarsa kuwa tana nan daram. Idan allura ta karci faifai, fatar maganaɗisun da bayanan ke kai ta zama ƙura, kuma babu gwanin da ke mayar da ƙura ta zama babi na uku. In kuwa laftop ɗinka SSD gare ta, babu faifai babu allura a ciki, babu abin da zai manne balle sanyi ya saki.

Dabarar da mai saƙon ya faɗa daidai ita ce a ciro rumbun a jona shi da wata kwamfuta. Amma ya tsallake sharaɗin, wato a fara sa kunne. Idan kana jin ƙas, ƙas, ƙas, ko ƙara kamar ana goga ƙarfe, kashe ta, kada ka sake kunnawa "ko Allah zai sa a dace", don kowace kunnawa ƙarin karta ce. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne da ake tace iskarsa, kuma da tsada. Duk wanda ya ɗauko sukundireba zai buɗe murfin had-dis a kan benci, ƙurar hunturu tana shigowa ta ƙofa, karɓe kayanka cikin girma da arziki.

Idan yana juyawa salin-alin, to da sauran rai. Saka shi a kesin da ke mayar da SATA zuwa USB, ko ka tayar da laftop ɗin da Ubuntu daga filas ba tare da ka sauke shi a kanta ba. Manhajar CrystalDiskInfo tana karanto rahoton lafiyar da rumbun ke ajiyewa game da kansa. In ta nuna ruwan ɗorawa ko ja, lokaci ya ƙure. Fara kwafe abin da ba ya sayuwa, furojet, takardun fili, hotunan mamata. Finafinai su jira. In kwafin yana tsayawa yana maƙalewa, kada ka matsa masa, kuma kada ka yarda Windows ta yi masa gyaran nan na chkdsk, domin rubutu take yi a kan majinyaci. Abin yi shi ne a ɗauki hoton rumbun gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye da ya kai shi girma ko ya fi. Manhajar ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004, don haka aka yi ta: tana kwashe wurare masu kyau tukuna, sannan ta dawo kan masu ciwo, tana riƙe da lissafin inda ta tsaya. A kan wannan kwafin ake sakin manhajar ceto fayiloli, TestDisk ko PhotoRec, na Bafaranshen nan Christophe Grenier. Duk kyauta ne. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne BitLocker: laftop da yawa masu Windows 11 a kulle rumbunsu yake, sai an kawo mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Nemo shi kafin ka fita wurin mai gyara.

In za ka kai wa mai gyara, a Titin Beirut ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada ka ce "a gyara min" kawai. A wurin mai gyara, gyara shi ne laftop ta tashi, hanya mafi sauri kuwa ita ce fomat da sabuwar Windows. Faɗa masa da baki, "Malam, fayilolina nake so, kada a yi fomat, kada a sauke komai a kansa." Masu cewa ai ko an yi fomat ana dawo da komai, rabin gaskiya suke faɗa. Bayan fomat na gaggawa a had-dis akan samu abubuwa da dama, amma cikakken fomat tun daga Windows Vista sifili yake shafewa a ko'ina, a SSD kuwa umarnin TRIM yakan share wurin ba da jimawa ba.

Had-dis ɗin 'yar ƙanwata bai sake juyawa ba. Babi biyu muka tsinto a imel ɗin da ta taɓa aika wa malaminta, ɗaya a kwamfutar mai shagon da ya buga mata, na huɗun tana sake rubuta shi daga farko. Kai da ka turo saƙon nan guruf, don Allah koma ka goge shi, sannan ka bi mutum goman da ka aika wa ka gaya musu su bar firiza da nama.